Daga Sarauniyar Manzanni zuwa Sarauniya Amina: Tarihin wata makaranta da unguwar Kakuri

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya shiga Kakuri, zai ga abubuwa biyu da idon matashin yau ba zai haɗa su wuri guda ba. Na farko, dogayen gine-ginen masaƙu waɗanda injinansu suka daɗe da yin shiru. Na biyu, wata tsohuwar makarantar 'yan mata mai faɗin fili, wadda a yau ake kira Kwalejin Sarauniya Amina. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su. Alhali kuwa labarinsu guda ne, domin hanyar da ta kawo ɗaliban ita ce ta kawo ma'aikatan, kuma abin da ya sa unguwar ta zama abin alfahari a Arewa shi ne ya ɗaga sunan makarantar.

Dalilin wannan rubutu shi ne, matan da suka kwana a ɗakunan wannan makaranta tun tana hannun masu ita na asali yanzu yawancinsu sun haura shekara saba'in, wasu sun kai tamanin, da yawa kuma sun riga mu gidan gaskiya. Haka su ma ma'aikatan farko na masaƙun. Idan muka bari suka ƙare ba tare da mun ɗauki abin da ke bakinsu ba, to za mu wayi gari muna da gine-gine ba mu da labarinsu, kuma 'ya'yanmu za su tashi da zaton cewa Kaduna tun fil'azal a rabe take gida biyu.

Garin da jirgin ƙasa ya haifa

Kaduna ba tsohon birni ba ne mai ganuwa irin Kano ko Zariya ko Katsina. Ƙasa ce ta Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da ƙauyukansu a warwatse a bakin kogi. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 shi ne ya fara ba wurin muhimmanci, sannan Gwamna Lugga ya zaɓe shi ya zama hedikwatar Arewa, aka kammala ƙaura daga Zungeru a 1917. A ƙarshen shekarun 1920 layin da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na Legas a kudancin kogin, sai Kaduna ta zama mararrabar jiragen ƙasa ta Arewa.

Ofisoshin gwamnati da gidajen Turawa da barikin soja suna arewacin kogi. Kudanci kuwa ya zama wurin 'yan leburan reluwe da makanikai da masu dako da 'yan kasuwa. Har yau sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu suna ba da wannan shaida, domin akwai Kakuri Gwari, akwai Kakuri Hausa, ga kuma Makera kusa da su. Wato masu ƙasa da baƙin da suka zo neman abinci sun zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa da mai unguwarsa, amma kasuwa ɗaya suke ci.

A irin wannan wuri ne 'yan mishan suka sami sararin da ba su samu a cikin biranen sarakuna ba. Turawan mulki sun yi wa sarakunan Musulmi alƙawarin ba za su tsoma baki cikin addini ba, saboda haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga tsofaffin birane, sai dai sabon gari da garuruwan gwamnati da ƙasashen da Musulunci bai yi rinjaye ba. Kaduna na cikin waɗannan.

Yadda ilmin mata yake a lokacin

Domin mai karatu ya gane nauyin wannan makaranta, dole a tuna halin da karatun 'ya mace ke ciki. Ilmin mata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajisai ke zagaya ƙauyuka suna karantar da matan aure. Amma ta fuskar boko, Turawa sun yi wa mata riƙon sakainar kashi. An buɗe Kwalejin Katsina don maza tun farkon shekarun 1920, ba a buɗe wa 'yan mata ajin gwamnati ba sai 1930, a Kano da Katsina, shi ma a inuwar gidan sarki, kuma yawancin abin da ake koyarwa bai wuce tsafta da ɗinki da reno ba. Cibiyar horar da mata ta Sakkwato ta biyo baya a 1939. Sakandaren 'yan mata ta gwamnatin Jihar Arewa kuwa, wato makarantar Sarauniya Elizabeth ta Ilori, sai a 1956 ta samu, saura shekara huɗu a sami 'yancin kai.

A cikin wannan giɓi ne wasu sistocin ɗarikar Katolika suka kafa makarantarsu a Kakuri, wadda tushenta ke komawa shekarun 1940. Ƙungiyarsu an kafa ta ne a birnin Liyon na Faransa a 1876, a hannun wani fada mai suna Augustin Planque, musamman don aiki a tsakanin matan Afirka, amma da yawa daga waɗanda suka yi aiki a Nijeriya 'yan ƙasar Ayalan ne. Suka raɗa wa makarantar suna Queen of Apostles College. Ma'anarsa Sarauniyar Manzanni, laƙabi ne da Katolika ke yi wa Nana Maryamu mahaifiyar Annabi Isa, alaihissalam, manzannin kuwa su ne almajiransa, waɗanda Musulmi suka sani da Hawariyawa.

Babu wanda zai musa cewa sistocin nan addininsu suka zo yaɗawa, kuma iyaye Musulmi da suka ƙi kai 'ya'yansu suna da hujjarsu, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ɗauki budurwar 'yarsa ya damƙa wa wanda ba addininsu ɗaya ba har tsawon wata uku ba ya ganinta. Amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Waɗannan mata sun baro ƙasarsu, ba aure ba haihuwa, suka zauna cikin sauro da zazzaɓi suna koyar da 'ya'yan wasu, a zamanin da gwamnatin da ke karɓar harajin Arewa ba ta ga dalilin da zai sa 'ya mace ta san lissafi da kimiyya ba.

Rayuwar makarantar kwana

Wanda duk ya yi makarantar kwana a wancan zamani ya san tsarin, ko ta mishan ce ko ta gwamnati. Yarinya kan iso da akwatin ƙarfe da bokiti da fartanya, sau da yawa a jirgin ƙasa, bayan kwana ɗaya ko biyu a hanya. Ƙararrawa ce ke tashe ta, ƙararrawa ce ke kai ta aji da ɗakin cin abinci da karatun dare, ita ce kuma ke kashe fitila. Ranar Asabar a yi wanki da shara da duba tsafta. Ƙarama kan sami babba da za ta zama mata uwar ɗaki, ta tsawata mata, ta kuma kare ta.

Abin da ya fi darasin aji tasiri shi ne wadda gadonta ke kusa da naki. 'Yar Kagoro da 'yar Tibi da 'yar Igala da 'yar ma'aikacin reluwe Ibo ko Bayarabe da aka haifa a Arewa, duk sukan ci a kwano iri ɗaya, su sha horo iri ɗaya. Yarinyar da ta yi shekara biyar a haka ba wanda zai zo daga baya ya gaya mata cewa wata ƙabila dodanni ce, domin ta ga 'yar ƙabilar tana kukan kewar gida kamar yadda ita ma ta yi.

Daga cikin waɗanda suka ratsa wannan makaranta akwai Marigayiya Maryam Babangida, wadda ta ƙirƙiro shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, ta kuma rasu a 2009. Bayan an sauya sunan, Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta riƙe Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya daga 2018 zuwa 2023, ita ma nan ta yi sakandare. Waɗannan su ne sunayen da jaridu suka sani. Amma ainihin amfanin makarantar yana ga ɗaruruwan malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sakatarori da ba wanda ya rubuta sunansu, waɗanda suka cike guraben aiki lokacin da gwamnatin Sardauna ke fafutukar ganin 'yan Arewa sun riƙe aikin Arewa.

Lokacin da Kakuri ke tufatar da ƙasa

Makarantar tana tsaka da kafuwa sai unguwar ta sauya kama. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na yankin Lankasha a Ingila. Hikimar a fili take. Maimakon a gurza audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi a loda ta a jirgi zuwa Ingila, sannan a dawo mana da ita a matsayin akoko mu saya da tsada, gara a saƙa ta a gida. Nortex ta biyo baya a 1962, sannan UNTL ta 'yan kasuwar Sin daga Hon Kon a 1964, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa a tsakiyar shekarun 1960. A wannan tsakani aka kafa kamfanin giya a 1963, da masana'antar ƙera makamai ta soja a 1964. A 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan Kakuri, har ta kai ƙirar 504 ta zama motar gwamnati da ta duk wani babban ma'aikaci a ƙasar nan.

Dubban mutane ne ke shiga waɗannan masana'antu, wasu aikin safe, wasu na rana, wasu na dare. Idan jiniya ta kaɗa aka tashi, tituna kan cika da kekuna. Albashin ƙarshen wata shi ke juya Kasuwar Monday, shi ke biyan mai gidan haya da mai tuwo da tela da mai gyaran keke. Asibitin Saint Gerard na Katolika yana karɓar haihuwar matan kowa. A cikin masaƙa ba a tambayar mutum inda yake salla ko coci, abin da ake tambaya shi ne ko zarensa ya tsinke. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta zama ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a ƙasar, kuma daga cikin Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole, ɗan ƙasar Edo, ya taso har ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa daga 1999 zuwa 2007.

A nan ne alaƙar makaranta da unguwa take. Uba mai albashi shi ke iya haƙura da tallan 'yarsa ya bar ta a aji. Yarinyar da ke ganin ofisoshi da asibiti a bayan katangar makarantarsu ta san takardar da take nema tana da inda za ta kai ta. Aiki yana ciyar da karatu, karatu yana ciyar da aiki.

Shekarar da aka sauya Sarauniya

Rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970 sun girgiza Kaduna, inda iyalai da dama 'yan Gabas suka bar gari. Bayan yaƙin, gwamnatocin soja na jihohi suka shiga karɓe makarantun ƙungiyoyin addini. A Jihar Arewa ta Tsakiya, ƙarƙashin Gwamna Abba Kyari, an yi haka a 1972. Kwalejin Saint John ta koma Kwalejin Rimi, Saint Paul ta Wusasa ta koma Kufena. Matakin bai tsaya kan na Kirista ba, domin Kwalejin Sheikh Sabah ta Musulmi ita ma ta koma hannun gwamnati da sunan tunawa da Sardauna. Makarantar Kakuri kuwa aka bar mata sarautarta, aka sauya mai riƙe da ita, ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, don tunawa da 'yar Bakwa Turunku, jarumar Zazzau da har yau ake jingina mata ganuwar garuruwa da dama.

Har gobe ana muhawara kan wannan mataki. Masu goyon baya na cewa ilmi haƙƙin gwamnati ne, kuma karɓewar ita ce ta kwantar da hankalin iyaye Musulmi suka tura 'ya'yansu mata da yawa, wanda gaskiya ne. Majami'u kuma na ganin an ƙwace musu abin da suka gina da guminsu, kuma suna nuni da Legas da ta mayar da irin waɗannan makarantu a 2001, da Anambra da ta yi haka a 2011. Shi ma wannan ƙorafi ba za a share shi da bayan hannu ba.

A nawa ganin, kuskuren ba a buɗe ƙofa ga kowa yake ba. Kuskuren shi ne gwamnatocinmu sun gaji gine-gine amma ba su gaji ɗabi'ar kula da su ba. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya tura ɗalibai masu ɗimbin yawa zuwa sakandare, kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986. Makarantun gwamnati a duk faɗin Arewa suka cika maƙil, kuɗin abinci da gyara suka ragu. Mu kuma da muka ci moriyarsu muka kwashe 'ya'yanmu zuwa makarantun kuɗi, muka bar na talaka a ciki. Makarantar da babu ɗan babban sakatare ko ɗan kwamishina a cikinta, wa zai ji kukanta?

Injina sun yi shiru, kogi ya zama iyaka

Abin da ya sami masaƙu sananne ne. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada, injina suka tsufa, noman auduga ya ja baya. Aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, kayan fasa-ƙwauri daga Asiya suka mamaye kasuwa, wasu ma ɗauke da zanen atamfarmu. KTL, wadda jihohin Arewa goma sha tara suka gada, ta rufe a 2002, kuma ma'aikatanta sun shafe shekaru suna bin kuɗin sallama, da yawa har suka mutu ba su karɓa ba. UNTL ta rufe a 2007. An yi yunƙurin farfaɗo da wasu, amma Kakuri ba ta koma yadda take ba. Magidancin da ya yi shekara ashirin a gaban injin saƙa ya koma acaba ko gadi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daidai shekarun da aiki ke mutuwa ne Kaduna ta faɗa rikicin Fabrairu da Mayun 2000, sannan na Nuwambar 2002, sannan na bayan zaɓen 2011. Ba ina cewa rufe masaƙu ne kaɗai ya haddasa su ba, amma matashin da zai shiga aiki da ƙarfe shida na safe ba shi da lokacin ɗaukar galan ɗin fetur. Bayan kowane rikici, Musulmi da yawa suka tattara suka koma Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kiristoci suka gangara Sabon Tasha da Television da Narayi. Kogin da a da ake ƙetarewa don zuwa aiki ya zama kamar iyakar ƙasa biyu. Yanzu akwai yaran da aka haifa a Kaduna, suka girma, ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

A kan wannan kuma sai ga wata masifar da ta auka wa makarantun kwana kai tsaye. An sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka maimaita a Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, a shekarar da aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel a nan kusa da Kaduna. Uban da kakansa ya ƙi makarantar kwana don tsoron a sauya wa 'yarsa addini, yau shi yana ƙinta don tsoron a kai ta daji. Ga 'yar ƙauyen da babu sakandare kusa da ita, rufe ɗakin kwana daidai yake da rufe karatu.

Abin da ya rage mana

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abu na farko, a rubuta tarihin. Muna da Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, muna da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a nan Kaduna, muna da sassan tarihi a jami'o'inmu. Me zai hana a tura ɗalibai su zauna da tsofaffin ɗaliban makarantar da tsofaffin ma'aikatan masaƙu, a naɗi muryoyinsu, a tattara hotuna da rajistar shiga, a kuma tuntuɓi gidan sistocin da ke birnin Kork na Ayalan? Kuma a faɗi tarihin da sunayen biyu. Ɗalibar yau ta cancanci sanin wadda ta aza harsashin ajinta, kamar yadda ta cancanci sanin Sarauniyar da take amsa sunanta.

Na biyu, a tsare filayen tsofaffin makarantu. Filin da aka keɓe tun gari yana daji yanzu ya zama tsakiyar birni, idon masu kuɗi kuma yana kansa. Duk filin makarantar da aka yanka ba ya dawowa. Na uku, a ba ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kujera ta gaske a hukumar gudanarwa, ba a riƙa tunawa da su sai ranar neman gudummawa ba. Na huɗu, gwamnati ta riƙe 'yan makarantun da suka rage masu haɗa 'ya'yan sassan jiha daban-daban da muhimmanci, ta tsare su, ta ciyar da su, domin suna yin aikin da taron sulhu ɗari ba zai yi ba.

Ku kuma 'yan boko, musamman iyayenmu mata da yayyenmu da suka sha ruwan Kakuri, kada ku jira gwamnati. Ku gaya wa jikokinku sunan wadda gadonta ke kusa da naku, da garinsu, da abin da ta yi muku ranar da zazzaɓi ya kwantar da ku nesa da gida. Wannan labari shi ne gadon da ya fi tsada, kuma ku kaɗai ke riƙe da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Kaduna da ƙasarmu lafiya.